Ɗan Hausa da Makarantar Nasarawa: Tushen Gardamar Harshen Koyarwa a Arewa

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi na Najeriya, Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa, Ingilishi ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Shekara uku kacal kafin nan, a ƙarshen 2022, minista Adamu Adamu ya sanar da akasin haka, wato a yi shekara shidan firamare da harshen uwa. Iyaye da malamai da yawa sun rasa na kamawa.

Duk lokacin da wannan musu ya taso a Arewa, kowane ɓangare yakan kafa hujja da zamanin Turawa. Wasu su ce Turawa ne suka ɓoye wa Arewa Turanci da gangan, shi ya sa Kudu ta yi mata nisa. Wasu su ce ai ko Bature ya gane cewa yaro ya fi fahimtar karatu da harshen da ya tashi da shi. Maganganun biyu suna komawa ga mutum ɗaya, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa.

Wane ne Ɗan Hausa?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba haifaffen Ingila ba ne. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Siwizalan a 1876, ya yi karatu a can da Jamus, sannan ya shiga jami'ar Kambirij a Ingila. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda fatake da alhazai da 'yantattun bayi masu jin Hausa suke da yawa a wancan zamani. Zuwansa na farko ƙasar nan, a 1901, ɗan mishan ne. Shekara ɗaya kafin nan ne ayarin mishan na Bishop Tugwell da Likita Miller ya isa Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito.

Vischer bai daɗe a aikin mishan ba. A 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Borno a matsayin mataimakin Razdan. A 1906, da zai dawo daga hutu, maimakon ya biyo jirgin ruwa kamar sauran Turawa, sai ya haɗa ayarin raƙuma daga Tarabulus, ya ratsa Sahara ta Murzuk da Bilma, wadda yanzu take cikin Nijar, har ya iso Borno. Wannan tafiya ta fito da sunansa a Landan, kuma ta ƙara masa kima a idon manyansa a matsayin wanda ya san mutanen ƙasar da harshensu.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kafin a shiga aikinsa, akwai kalmomin da rashin bambanta su yake dagula musun.

Ajami shi ne rubuta Hausa ko Fulatanci ko Barbarci da haruffan Larabci. Da shi malaman jihadi, irin su Nana Asma'u, suka rubuta waƙoƙin wa'azi tun ƙarni na 19. Boko kuwa a asalin wannan magana yana nufin rubuta Hausa da haruffan Rumawa, daga baya ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa dukan ilimin da Turawa suka kawo. An daɗe ana cewa kalmar daga sunan littafi a Turanci ta samo asali, amma masanin harshe Paul Newman ya nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin jabu ko yaudara. Duk wanda ya san amaryar boko, yarinyar da ake lulluɓewa a fito da ita a madadin amarya ta gaskiya, ya san ma'anar. Haka ma biri-boko. Sunan da kansa ya nuna irin kallon da mutane suka yi wa sabon karatun idan aka jera shi da karatun Muhammadiyya.

Sai kuma bambanci tsakanin harshen koyarwa da darasin harshe. Harshen koyarwa shi ne wanda malami yake bayanin lissafi da kimiyya da shi. Darasin harshe shi ne awar da aka ware don koyon harshen kansa. Ana iya koyar da lissafi da Hausa kuma a koyar da Turanci sosai a matsayin darasi. Ana iya yin na farko a bar na biyu. Wannan bambanci shi ne kan maganar Ɗan Hausa.

Matsalar da aka ɗauko shi ya warware

Bayan cin ƙasa, Turawa sun sami kansu a tsaka mai wuya. Su ƙalilan ne, ƙasar kuwa faɗi gare ta, don haka suka zaɓi yin mulki ta hannun sarakuna. Mulkin yana buƙatar masu rubuta haraji, masu auna gonaki, masu riƙe littafin baitulmali da na kotu. Akawunan da ake da su daga Legas da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo ake kawo su, albashinsu da tsada, ba sa jin Hausa, kuma Turawan Arewa ba su yarda da su ba, don suna ganin masu karatun bakin teku sun cika tsaurin ido da rubuce-rubucen jarida.

A Kudu mishan ne suka ɗauki nauyin makarantu. A Arewa wannan hanya a toshe take, domin a Sakkwato a 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin mutane ba, kuma Razdanoni sun riƙe wannan alkawari a matsayin dalilin hana mishan shiga garuruwan sarakunan Musulunci. Ƙoƙarin Likita Miller na buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna a Zariya bai yi nisa ba, don iyaye sun san manufarsa. Ga kuma makarantun allo birjik, waɗanda ƙiyasin Turawan kansu a wajejen 1914 ya kai su kimanin 25,000 da almajirai sama da 200,000. Wato ba ƙasar da ba ta san karatu ba aka tarar. Ƙasa ce mai nata karatun, da malamanta, da alƙalanta.

A 1908 Gwamna Girouard ya ɗora wa Vischer alhakin tsara ilimin gwamnati. Ya tura shi Masar da Sudan da Gwalkwas ya ga yadda ake yi. Tsarin Sudan, inda gwamnati take tafiyar da makarantu a ƙasar Musulmi ba tare da mishan ba, shi ya fi kwanta masa.

Yadda makarantar Nasarawa take

A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe makarantar a Nasarawa, bayan ganuwar birni. Da malamai aka fara, wato mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, aka koya musu boko da lissafi don su koyar da wasu. Daga nan aka buɗe sashen 'ya'yan sarakuna, da elementare, da sashen sana'o'i inda ake koyon dukanci da ƙira da sassaƙa, da kuma aikin safiyo. Ɗalibai daga larduna daban-daban ake turo su, baitulmalin Kano na cikin masu ɗaukar nauyi.

Vischer ya yi iyakar ƙoƙarinsa kada wurin ya yi kama da makarantar Turai. Ginin laka ne, ɗalibai da rigunansu da hulunansu na gida, ana koyar da Larabci da addini, kuma malaman Musulunci ne suke koyarwa. Darussan boko su ne karatu da rubutu, lissafi, labarin ƙasa, tsafta da zane, duk da Hausa. Shi kansa a gidan laka ya zauna da matarsa Isabelle, gidan nan mai rufin azara da zanen magina a bango wanda har yau ake kira Gidan Ɗan Hausa, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano.

Manufofin da ya rubuta wa gwamnati ba ɓoyayyu ba ne. Yana son a buɗe wa yaro ido ba tare da ya raina iyayensa da asalinsa ba. Yana son a samu mutanen da za su riƙe mulkin En'e yadda gwamnati take so. Yana son 'yan ƙasa su iya gogayya da 'yan kasuwar bakin teku da jirgin ƙasa zai kwaso, jirgin kuwa ya iso Kano a 1911. Sannan yana son a kauce wa samar da irin 'yan bokon Indiya da Legas, masu ganin zaman ofis ya fi aikin hannu daraja, waɗanda daga baya suke zame wa gwamnati ƙarfen ƙafa. Wannan manufa ta ƙarshe ita ta sa Turanci bai sami gurbi a farkon tsarin ba, sai daga baya, kuma ga 'yan ƙalilan.

Me ya sa boko, ba ajami ba?

Wannan ne hukuncin da ya fi kowane daɗewa. Turawan ba bakinsu ɗaya ba a kai. Akwai Razdanoni irin su Burdon na Sakkwato da suke ganin a ci gaba da ajami tunda mutane sun riga sun iya shi. Lugga da 'yan mishan sun fi son haruffan Rumawa. Vischer ya tsaya a ɓangare na biyu, kuma hujjojinsa uku ne: buga ajami da wasullansa a injin ɗab'i yana da tsada, jami'an Turawa za su fi saurin karanta boko, kuma amfani da haruffan Larabci zai zama kamar gwamnati ce da kanta take yaɗa Musulunci a yankunan da ba na Musulmi ba.

A 1912 ya wallafa ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, waɗanda suka zama tushen abin da gwamnati ta bi. Haruffa masu ƙugiya da muke rubutawa yau, ɓ da ɗ da ƙ, ba nasa ba ne, sai a shekarun 1930 suka shigo, lokacin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya. Amma hanyar da suka bi shi ya share ta.

Sakamakon hukuncin fuska biyu gare shi. A gefe ɗaya, Hausa ta sami daidaitaccen rubutu da ya dace da injin ɗab'i, da tafireta, yau kuma da waya. A ɗaya gefen, rana ɗaya aka mayar da malamin da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da Larabci da ajami, wanda bai iya karatu ba a lissafin hukuma. Ɗansa da ya yi shekara huɗu a elementare shi ne mai ilimi a takarda, shi ne mai albashi. Ajami bai mutu ba, amma an fitar da shi daga ofis. Cece-ku-cen da aka yi lokacin da aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma daga sabuwar naira 100 a 2014, reshe ne na wannan tsohon hukunci.

Daga Kano zuwa Landan

Zaman Vischer a Kano bai yi tsawon da sunansa ya yi ba. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, ya koma Turai aikin soja, bai sake zama a kujerarsa ta Nasarawa ba. Makarantar ta rarrabu zuwa makarantun larduna, kuma a 1921 aka buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai, wadda Gwamna Clifford ya ƙaddamar a 1922. A can an koyar da Turanci sosai, kuma daga can Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka fito. Ita ce ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa.

Tasirinsa mafi faɗi a Landan ya yi shi. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da yake ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilimi. Ya bi tawagar Phelps-Stokes zuwa Gabashin Afirka a 1924, tawagar da ta ɗauko tunaninta daga makarantun sana'a na baƙaƙen fata a kudancin Amurka. A 1925 kwamitin ya fitar da takardar manufa da ta ce a daidaita ilimi da tunani da sana'o'i da al'adun kowace al'umma, a kuma ba harsunan gida muhimmanci. Wato abin da aka gwada a Nasarawa ya zama manufar Birtaniya a yankunanta na Afirka. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka ta ƙasa da ƙasa, wadda Lugga ya shugabanta. An ba shi lambar girma ta Sir a 1941, ya rasu a 1945.

Masu yabo da masu suka

Masu yaba masa suna cewa a duba abin da ya yiwu a 1909. Mutanen da aka ci da yaƙi shekara shida da suka wuce, waɗanda wasunsu suka yi hijira gabas don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, ba za su miƙa 'ya'yansu ga makarantar da take kama da coci ba. Ko a hakan ma, labari ya shahara cewa wasu masu sarauta 'ya'yan bayi da na barori suke turawa a madadin nasu. A ganin wannan ɓangare, Larabci da rigar gida da Hausa su ne suka sa aka yarda aka shiga ajin tun farko. Suna ƙarawa da cewa saboda gwamnati ta ɗauki Hausa harshen aiki da karatu ne aka sami gasar rubuta littattafai ta 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da yaƙi da jahilci na shekarun 1950, har zuwa littattafan kasuwar Kano. Ana kwatantawa da Nijar, inda Faransa ta koyar da Faransanci zalla, rubutun Hausa bai sami irin wannan gata ba a zamanin mulkin mallaka, ko da yake a 2025 hukumomin ƙasar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Masu suka suna cewa girmama al'ada da ake faɗa rufa-rufa ce, ainihin manufar ita ce a samu ma'aikata masu biyayya, a tsare sarauta, a hana talaka ganin abin da zai sa ya yi tambaya. Hujjarsu mafi ƙarfi alƙaluma ne. A 1957, saura shekara uku a sami 'yanci, yaran firamare a Arewa kimanin 185,000 ne, na Kudu sun haura miliyan 2. A sakandare Arewa ba ta kai 4,000 ba, Kudu tana da kimanin 28,000. Makarantun 'yan mata na gwamnati sai a wajejen 1930 aka fara su a Kano da Katsina. Likitan farko daga Arewa, Dakta Dikko, ta hannun mishan ɗin Miller ya fito, wato ta ƙofar da tsarin Vischer ya guje wa. Wannan giɓi ne ya sa shugabannin Arewa suka ƙi amincewa da ƙudurin da Anthony Enahoro ya kawo a 1953 na neman a ba Najeriya mulkin kai a 1956, rikicin Kano na 1953 ya biyo baya. Akwai kuma ƙorafin ƙabilun da ba Hausawa ba, musamman a tsakiyar ƙasa, waɗanda a wurinsu Hausar makaranta da ta ofis ba harshen uwa ba ce, harshen wani ne aka ɗora musu.

Idan aka auna maganganun biyu, akwai abin da kowanne yake tsallakewa. Masu yabo ba sa son tuna cewa jinkirta Turanci manufa ce da aka rubuta, ba kuskure ba. Masu suka kuma sukan ɗora laifin giɓin duka a kan harshe, alhali makarantun mishan na Kudu su ma da Yarbanci da Ibo da Efik suke fara koyarwa a ƙananan azuzuwa. Abin da ya bambanta su shi ne yawan makarantu, da kuma tsani da yake kai yaro ga Turanci da sakandare. A Arewa makarantun kaɗan ne, kuɗin da ake kashewa kaɗan ne, tsanin kuma ƙunci gare shi. Wannan ba hukuncin Vischer shi kaɗai ba ne. Gwamnoni da Razdanoni da sarakuna sun ci gaba da shi shekaru da dama bayan tafiyarsa, kowa da nasa dalilin.

Abin da ya shafi iyaye da malamai yau

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a yi shekarun farko na firamare da harshen uwa ko na yankin, sannan a koma Ingilishi. Ta 2022 ta faɗaɗa shi zuwa shekara shida. Minista Alausa ya kafa hujjar sokewa da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi dogara da harshen uwa. Masu adawa da matakin sun amsa cewa manufar ba ta taɓa aiki yadda aka tsara ba, babu littattafai, babu malaman da aka horar, don haka ba a yanke wa abin da ba a gwada ba hukunci. Sukan kuma tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci tare da darasin Turanci daga ƙwararren malami, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu ba.

A ajin firamare na gwamnati a ƙauyen Kano ko Jigawa, abin da aka saba gani shi ne malami ya kwafi jimla da Turanci a allo, yara su maimaita da ƙarfi, sannan ya juyo ya yi bayani da Hausa. Sabuwar sanarwa ba za ta sauya wannan dare ɗaya ba, domin malamin da Turancinsa bai nuna ba ba zai wayi gari da shi ba. Inda za a fi jin sauyin shi ne littattafai da horon malamai: idan gwamnati ta daina buƙatar littafin lissafi da kimiyya da Hausa, masu ɗab'i za su daina bugawa, kwalejojin ilimi kuma za su rage ba sashen muhimmanci. Makarantun kuɗi na birni, waɗanda dama da Turanci suke yi tun daga nazare, babu abin da ya sauya musu. Yaron da iyayensa ba su yi boko ba, wanda ba ya jin Turanci ko'ina sai a aji, shi ne zai ɗauki nauyin, ko dai ta hanyar haddar abin da bai gane ba, ko kuma, idan aka samu malamai nagari, ta hanyar samun Turanci da wuri fiye da yayyensa.

Firamare kuma a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take, su ne masu ɗaukar malamai da sayen littattafai. Don haka yadda sanarwar Abuja za ta sauka a Ɗambatta ko Gumel ya dogara ga abin da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohin suka sa a kasafinsu na horon malamai da littattafan aji ɗaya zuwa uku.